AMSOSHIN WASIƘUNKU: ME YA SA SHUGABANNI SUKA DAINA SHIGA BUƊAƊƊIYAR MOTA?

 

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai fataucin tumatir da tattasai daga wajen Kadawa, wanda ya ce a sakaya sunansa. Ya ce kwanan baya ya ɗauko kaya, aka tare su a bakin gari wajen awa uku cikin tsakar rana, wai wani babba zai wuce. Da babban ya zo, ko hularsa ba wanda ya gani, sai jiniya da baƙin gilashi da ƙura. Kafin ya isa kasuwa kwanduna da dama sun yi ruwa. Ya ce mahaifinsa ya sha ba shi labarin cewa a da shugabanni buɗaɗɗiyar mota suke shiga, suna ɗaga wa jama'a hannu. Shin yaushe aka daina, kuma tsoro ne ya kawo haka ko girman kai?

AMSA: To Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri. Mahaifinka ya yi gaskiya, kuma ba a nan ƙasar kaɗai aka yi haka ba, duk duniya ne. Dainawar kuwa tana da tarihi, kuma jini ne ya kawo ta. Gyara zama in ba ka labarin daki-daki.

Da farko dai, me ya sa shugaba yake son a gan shi? Dubi hawan Salla. Sarki yana bisa doki ƙarƙashin laima, talaka ya ɗaga hannu ya yi jinjina, sarki ya amsa. Talaka ya koma gida ya ce yau na ga sarki, lafiyarsa ƙalau. Haka su ma sarakunan Turai suke yi a cikin keken doki marar rufi. Da mota ta shigo sai aka mayar da al'adar cikinta. Ɗan siyasa mai neman ƙuri'a kuwa ya fi sarki bukatar wannan, don ganin ido shi ne jarinsa.

Amma tun farkon zuwan mota aka ga haɗarin abin. Ran 28 ga watan Yuni na 1914, yarima mai jiran gadon sarautar Ostiriya, Franz Ferdinand, ya kai ziyara birnin Sarayebo tare da matarsa Sophie, a buɗaɗɗiyar mota. Da safe wani ya jefa musu bom, ya faɗa baya ya tashi kusa da motar da ke biye, ya raunata mutane. Duk da haka ba a fid da su daga garin ba. Can an jima direba ya yi kuskuren kwana, aka ce masa ya tsaya ya koma baya. Tsayawar da ya yi kuwa a gaban wani saurayi ɗan shekara 19 ne mai suna Gavrilo Princip, da ƙaramar bindiga a aljihunsa. Harbi biyu ya yi, yarima da matarsa suka mutu. Wata guda bayan haka Ostiriya ta ɗaura yaƙi da Sabiya, Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Wannan yaƙi har kakanninmu ya taɓa, don an kwashi sojoji daga ƙasar nan sun yi faɗa da Jamusawa a Kamaru da gabashin Afirka. Ka ji inda kuskuren kwana ɗaya ya kai duniya.

A 1933 wani ya harbi zaɓaɓɓen shugaban Amurka, Franklin Roosevelt, yana cikin buɗaɗɗiyar mota a birnin Miami. Shi ya kuɓuta, amma magajin garin Chicago da ke kusa da shi ya samu raunin da ya yi ajalinsa. A 1934 kuma aka kashe Sarki Alexander na Yugoslabiya a birnin Marseille na ƙasar Faransa. Maharbin ɗarewa ya yi jikin motar ya buɗe wuta, ministan harkokin wajen Faransa da ke zaune tare da sarkin shi ma ya rasu. Duk wannan bai sa an daina ba. Abin da ya karya al'adar shi ne abin da ya faru a birnin Dalas na jihar Teksas, ran Juma'a 22 ga watan Nuwamba na 1963.

Kafin wannan rana Amurkawa sun riga sun yi asarar shugabanni uku ta hanyar harbi: Abraham Linkon a gidan wasan kwaikwayo a 1865, da Garfield a tashar jirgin ƙasa a 1881, da McKinley a 1901. Shi McKinley yana tsaye ne yana gaisawa da jama'a hannu da hannu, wani ya zo da bindiga ɓoye cikin hankici kamar mai ciwon hannu. Bayan mutuwarsa ne aka ɗora wa hukumar 'yan sandan ciki aikin tsaron shugaban ƙasa dare da rana. Asalin aikin wannan hukuma da aka kafa a 1865 kuwa, farautar masu buga jabun kuɗi ne.

Shugaba Jon Kenedi matashi ne ɗan shekara 46, mai farin jini, mai son shiga jama'a. Ya je Teksas ne don share fagen zaɓen 1964, ya kuma sasanta 'yan jam'iyyarsa da ke rigima da juna a jihar. An san Dalas gari ne mai zafi gare shi, don wata guda kafin nan masu zanga-zanga sun ci mutuncin jakadansa na Majalisar Ɗinkin Duniya, Adlai Stevenson, har aka buga masa allon zanga-zanga a ka, aka tofa masa yawu.

Motar da ya shiga ƙirar Lincoln ce ta 1961, doguwa, shuɗiya mai duhu. An kashe mata kuɗi wajen dala 200,000, kamfanin Ford kuma ya ba gwamnati hayarta a kan dala 500 kacal a shekara. Tana da kujerar baya da ake iya ɗagawa sama don a ƙara ganin shugaba. Tana da matakala a baya da abin riƙewa inda masu tsaro za su tsaya. Tana kuma da wani rufi na roba mai kama da gilashi da ake ɗorawa a cire. Amma Alhaji, duk kuɗin nan don a ga shugaba aka kashe shi. Jikin motar ba sulke, rufin robar nan ma ruwan sama kawai yake tarewa, ba ya tare harsashi. Ranar da safe an yi yayyafi, daga baya gari ya washe, sai aka bar rufin.

Abubuwa uku suka haɗu. Na farko, kwana uku kafin ziyarar jaridun Dalas sun buga hanyar da ayarin zai bi, titi bayan titi, don jama'a su fito. Jama'a kuwa sun fito, an ƙiyasta mutum 150,000 ko fiye. Na biyu, babu mai tsaro ko ɗaya a kan matakalar bayan motar a lokacin harbin. Jami'an sun shaida wa kwamitin bincike cewa kwana huɗu kafin nan, a garin Tampa, shugaban ya nuna ba ya son a tsaya masa a nan, don ana shiga tsakaninsa da mutane. Na uku, daf da ƙarshen tafiyar akwai wata muguwar kwana inda dole doguwar mota ta rage gudu. Bayan kwanar tana tafiya ne kamar mil 11 a awa, watau gudun mai keke.

A daidai kwanar nan akwai wani bene inda ake ajiye littattafan makarantu. A cikin ma'aikatan wurin akwai Lee Harvey Oswald, ɗan shekara 24, tsohon sojan ruwa, wanda ya taɓa ƙaura zuwa Tarayyar Sobiyat a 1959 ya dawo a 1962. A watan Maris na 1963 ya yi odar wata tsohuwar bindigar sojan Italiya ta gidan waya, da madubin hangen nesa, kuɗinta duka bai wuce dala 20 ba in an cire ladan aikowa. Ya hau hawa na shida, ya jera kwalayen littattafai ya kare kansa, ya zauna bakin taga yana jira.

Matar gwamnan Teksas, wadda ke zaune a ɗaya daga kujerun da ke gaban su Kenedi, ta juyo ke nan ta ce masa ai ba zai ce mutanen Dalas ba su ƙaunarsa ba, sai aka ji harbi. Ƙarfe 12:30 na rana ne. Harsashi ɗaya ya shiga ta bayansa ya fita ta maƙogwaro, Gwamna Connally shi ma ya samu mummunan rauni. Wani harsashin ya same shi a ka. Tsakanin tagar da motar a lokacin bai kai tsawon filin ƙwallo ba. Wani mai tsaro, Clint Hill, ya diro daga motar da ke biye ya sheƙa a guje ya ɗare bayan motar shugaban, ya mayar da uwargidan Kenedi cikin kujera ya rufe su da jikinsa, amma aikin gama ya gama. Ƙarfe ɗaya na rana likitocin asibitin Parkland suka tabbatar da rasuwarsa. Kafin ƙarfe uku an rantsar da mataimakinsa, Lindon Jonson, a cikin jirgin sama. Kwana biyu bayan haka wani mai gidan rawa, Jack Ruby, ya harbe Oswald a hannun 'yan sanda, jama'a suna kallo ta talabijin.

Wani abin mamaki, da safiyar ranar Kenedi da bakinsa ya faɗa wa wani na hannun damansa cewa in wani yana son harbin shugaban ƙasa ba abu ne mai wuya ba, ya hau dogon bene da bindiga mai madubi kawai, ba wanda zai iya hana shi. Ka ga ke nan ya san haɗarin sarai. Ya auna ne ya ga ganin jama'a ya fi masa.

Kwamitin binciken da aka kafa ƙarƙashin babban jojin Amurka, Earl Warren, ya fid da rahotonsa a watan Satumba na 1964. Ya ce Oswald shi kaɗai ya yi harbin. A 1979 wani kwamiti na majalisar wakilai ya ce mai yiwuwa akwai haɗin baki, amma daga baya masana sun soki shaidar ɗaukar sauti da ya dogara a kanta. Har gobe Amurkawa suna gardama a kan wannan. Abin da ba a gardama a kansa shi ne sakacin da rahoton Warren ya tono. Ba a binciki gine-ginen da ke kan hanyar ba. Hukumar binciken manyan laifuffuka ta FBI ta san Oswald, ta san inda yake aiki, amma labarin bai kai ga masu tsaron shugaba ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga nan komai ya sake. A 1965 aka yi dokar da ta mayar da kisan shugaban ƙasa laifin da gwamnatin tarayya ke hukuntawa, don a da shari'ar jiha ce kamar kowane kisan kai. A 1968 aka harbe ƙanen Kenedi, Robert, yana neman takarar shugabanci, sai aka fara ba manyan 'yan takara masu tsaro su ma. Ita kuwa motar nan ta Dalas ba a jefar da ita ba. An kwance ta, aka sa mata sulke da gilashin da harsashi ba ya hudawa da rufi na dindindin, aka yi mata baƙin fenti, ta ci gaba da aiki har 1977. Yanzu tana gidan tarihi na Henry Ford a jihar Michigan. Amma ka san halin ɗan siyasa. Da Shugaba Nikson ya hau, sai ya sa aka yi wa rufin ƙofa, don ya riƙa miƙewa tsaye yana ɗaga wa mutane hannu. Masu tsaro suna rufewa, mai gida yana buɗewa.

Shekarar 1981 ita ta ƙarasa rufe ƙofar. Ran 30 ga Maris aka harbi Shugaba Regan yana fitowa daga wani otal a Washinton. Harsashin jikin motarsa mai sulke ya daka, ya karkato ya shige shi ta ƙarƙashin hammata, amma ya rayu. Ran 13 ga Mayu aka harbi Fafaroma John Paul na Biyu yana zagaya jama'a a buɗaɗɗiyar mota a dandalin fadarsa, shi ma ya rayu, daga nan aka yi masa mota mai ɗakin gilashi. Ran 6 ga Oktoba kuwa wasu sojoji suka diro daga motar fareti a Alƙahira suka harbe Shugaba Anwar Sadat na Masar a rumfar manyan baƙi. Bayan wannan shekara ne binciken mutane da na'urar gano ƙarfe kafin su shiga taron shugaban Amurka ya zama ka'ida. Yau motarsa kusan tankar yaƙi ce da aka yi wa siffar mota, duk ƙasar da zai je a jirgin sama ake kai masa ita.

To mu dawo gida, don mu ma mun ɗanɗana. Janar Murtala Ramat Muhammed ya hau mulki a ƙarshen watan Yuli na 1975. Yana cikin abin da ya sa talakawa suka so shi cewa ya yi watsi da dogon ayari da jiniya. Ran Juma'a 13 ga Fabrairu na 1976 da safe, ya fito daga gida zai tafi ofis a Barikin Dodan da ke Legas, cikin baƙar Marsandi, daga shi sai direba da dogarinsa da odalinsa. Motar a rufe take, amma ba sulke, ba 'yan rakiya. Ta shiga cunkoson motoci a unguwar Ikoyi ta tsaya kamar motar kowa. Nan sojojin da ke cikin yunƙurin juyin mulkin Laftana Kanar Buka Suka Dimka suka yi mata ruwan harsasai. Murtala ya rasu yana da shekara 37, bai cika wata bakwai a kan mulki ba, dogarinsa da direbansa su ma suka rasu. Motar tana gidan tarihi na ƙasa a Onikan, Legas, da hujojin harsashin a jikinta. Ni ban riski ranar ba, amma mahaifina ya ce a garinmu har mata a cikin gidaje sun yi kuka. Duk sanda ka riƙe naira 20 ka dubi hotonsa, ka tuna sauƙin kan da ya sa aka so shi ta nan aka samu kansa.

Shin sulken yana aiki? Yana yi. A watan Yuni na 1995 'yan bindiga suka yi wa Shugaba Husni Mubarak na Masar kwanton ɓauna a Adis Ababa, yana kan hanyar zuwa taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka. Motarsa mai sulke ta cece shi, ya juya filin jirgi ya koma gida. Benazir Bhutto ta Pakistan kuwa, ran 27 ga Disamba na 2007, tana cikin mota mai sulke bayan ta gama taron siyasa a Rawalpindi, sai ta miƙe ta fid da kai ta ƙofar rufi don ta gaisa da magoya baya. A wannan ɗan lokaci aka yi harbi, bom ya tashi. Ita ta mutu, waɗanda ke zaune cikin motar suka tsira.

Amma akwai abu biyu da sulke ba ya maganinsu. Ɗaya, na cikin gida. Indira Gandhi ta Indiya masu tsaronta biyu ne suka harbe ta a 1984. Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara na Nijar, dakarun tsaron fadarsa ne suka harbe shi a filin jirgin Yamai ran 9 ga Afrilu na 1999. Da ɗan gari akan ci gari. Na biyu kuwa ya shafe ka kai tsaye, Alhaji. Ran 23 ga Yuli na 2014 aka tayar da bom a kan ayarin marigayi Janar Muhammadu Buhari a Kawo, Kaduna, tun kafin a zaɓe shi shugaban ƙasa. Motarsa mai sulke ce, ya fita lafiya. Waɗanda suka mutu da yawansu talakawa ne da ke harkokinsu a bakin hanya. Sulke na mai shi ne, na tsaye a gefen titi ba shi da komai sai rigarsa.

Saboda haka in ka ce tsoro ne, ka yi gaskiya, kuma tsoro ne mai dalili. Shugaba ba ransa kaɗai yake ɗauke da shi ba, in ya faɗi ƙasa takan girgiza, kamar yadda muka gani a 1914 da 1976. Ba mai hankalin da zai ce a koma zamanin Dalas. In kuma ka ce akwai girman kai, nan ma ba ka yi ƙarya ba. Abin da aka ƙirƙiro don kare ran shugaban ƙasa yau ya zama ado, kowane mai ɗan muƙami sai ya jera motoci da jiniya yana korar mutane daga titi, alhali ba mai nemansa da sharri. Ina tunawa lokacin da nake koyarwa a firamare, kafin in shigo aikin rediyo, an sa mun jera yara a bakin titi tun hantsi da 'yan tutoci, wai wani babba zai wuce. Sai bayan azahar ayarin ya zo ya wuce fuu, gilashi a rufe. Wata yarinya 'yar aji uku ta ja mini riga ta ce, Malam, wanne ne shi? Na rasa abin da zan nuna mata.

Wannan ita ce asarar da ba a lissafawa. Shugaban da ke bayan baƙin gilashi ba ya jin ramin hanya kamar yadda a-kori-kurarka ke ji, ba ya ganin fuskar mai kallonsa ya gane murna ce ko yunwa, sai abin da fadawa suka faɗa masa. Tun da an rufe motar, wajibi ne a buɗe wata ƙofar: ya sauka ya zauna da manoma da 'yan kasuwa a wurin da aka tsare, ya ji ta bakinsu. Masu shirya ziyara kuma su sanar ta rediyo tun da wuri cewa hanya kaza za ta rufe daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ko ba a faɗi wanda zai wuce ba, don mai ɗanyen kaya ya san dabarar da zai yi. Wannan ba ya rage tsaron kowa.

Ku kuma 'yan'uwa, ranar da kuka ji babban baƙo zai shigo gari, mai kayan gwari ya yi sammako ko ya ɗaga tafiyar. Mai tireda a bakin titi ya ja baya kaɗan, a kuma hana yara bin ayari a guje. Rigakafi ya fi magani.

To Alhaji, da fatan ka gamsu. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare mu da shugabanninmu baki ɗaya. Masu sauran tambayoyi a ci gaba da aiko mana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.